Yadda ake gano sinadarin da ke cikin ruwan gwaji a jarabawar kemistiri

Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO sun dame ni da tambayar nan. To ga matakan:

1. Wanke kwalaben gwaji uku da tataccen ruwa. Ban da na famfo.
2. Zuba ruwan gwajin kaɗan-kaɗan a kowace.
3. Ɗiga NaOH (sodium hydroxide) ɗigo biyu a ta farko.

Hattara: nan ake faɗuwa. In ka kwarara shi gaba ɗaya, farin gudajin da ke fitowa a cikin ruwan zai iya narkewa tun ba ka gan shi ba, ka rubuta "babu canji". Kuma NaOH yana ƙona fata.

4. Rubuta launin gudajin nan take. Shuɗi, Cu²⁺. Kore mai dauɗa, Fe²⁺. Ja kamar tsatsa, Fe³⁺.
5. In fari ne, ƙara NaOH da yawa. Bai narke ba? Ca²⁺ ne. Ya narke? Saura uku: Zn²⁺, Pb²⁺, Al³⁺.
6. Zuba amoniya a ta biyu har ta yi yawa. In gudajin ya narke, Zn²⁺ ne. Kada ka kai hanci bakin kwalbar.
7. In bai narke ba, ɗiga KI (potassium iodide) a ta uku. Gudaji mai launin ruwan ɗorawa, Pb²⁺. Shiru kuwa, Al³⁺.