Yadda ake sayen kayan zango a kantin da zai rufe a Amurka

Tun daga 2015 kantunan Amurka masu sayar da tantuna, takalman hawan dutse da rigunan sanyi, waɗanda yawancinsu rassansu ba su wuce yanki guda ba, suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Hudson Trail Outfitters na yankin birnin Washinton ya rufe a 2015. Sport Chalet, wanda aka kafa a Kalifoniya tun 1959, ya rufe rassansa 47 a 2016. Gander Mountain na Minesota ya kai kansa kotun karayar arziki a 2017. Eastern Mountain Sports kuwa, wanda mutanen arewa maso gabas ke kira EMS, sau uku masu shi suna zuwa wannan kotu, a 2016 da 2017 da 2024, kafin kamfanin Mountain Warehouse na Ingila ya sayi sunan tare da 'yan rassa kaɗan. Moosejaw na Mishigan ya koma hannun Walmart a 2017, ya sake komawa hannun Dick's Sporting Goods a 2023, sannan aka bi shagunansa da kwaɗo.

Matsi ne ya yi musu yawa. Manyan kantuna irin su REI da Bass Pro Shops sun fi su ƙarfin sari, Amazon ya fi su arha, masu ƙera kayan kamar Patagonia da The North Face kuma sun buɗe nasu shagunan suna sayar wa mutane kai tsaye. Ga bashi, ga kuɗin hayar shago na shekaru da aka riga aka sa wa hannu. Lokacin korona mutane sun yi rububin kayan fita daji, kantuna suka cika rumbuna da oda, ciniki kuma ya ja baya daga 2022, kaya suka yi kwantai.

Wannan kwantan shi ya kamata mai saye ya riƙe a ransa. Kantin da ya kai ga rufewa ya daɗe ba ya juya kaya, kuma tanti da takalmi suna tsufa a cikin kwali ko ba a taɓa su ba. A gwanjon rufe kanti kuma ba a mayar da kaya. Saboda haka tambaya biyu ke gaban kowane rangwame: yaushe aka ƙera abin, kuma wa zai amsa idan ya lalace?

Ba da kantin kake ciniki ba

Da zarar kotu ta amince, ana miƙa kayan ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Hilco, Gordon Brothers da Tiger. Su ke liƙa manyan takardun nan masu launin ɗorawa. Gwanjon yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. A makon farko rangwamen kashi 10 zuwa 30 ne cikin ɗari, kuma daga cikakken farashin kamfani ake cirewa, ba daga farashin da kantin ke sayarwa kafin ya durƙushe ba. Shi ya sa jaket da kantin ya karya wa farashi a watan jiya za ka iya tarar da ita ta ƙara kuɗi. Ka ciro waya, ka nemi lambar samfurin a REI ko kantin intanet na Backcountry ko shafin mai ƙera shi. Idan bambancin bai kai kashi 20 ba, saya inda za a karɓi kayan in ka mayar.

Sau da yawa kotu na ba su izinin kawo kaya daga waje su cakuɗa da na kantin. Idan ka ga tulin safa ko tocila masu sunan da ba ka taɓa gani a shagon ba, daga nan suka fito. Wuce su.

Abin da ke da lamba, wato takalmi, jaket da jakar baya, a saye shi cikin mako biyu zuwa huɗu na farko, domin lambobin tsakiya su ke fara ƙarewa. Tukwane, igiyoyin ɗaure tanti, turaku da kujerun zango suna iya jira har rangwame ya kai kashi 60 ko 70. A kwanakin ƙarshe har kantoci da gumakan rataye kaya ake sayarwa.

Idan kana da katin kyauta na kantin ko makin lada, kashe su a ranar da ka ji labari. Sport Chalet kusan mako biyu kawai ya bayar. Bayan wa'adi sai ka shiga layin masu bin bashi marasa jingina, kuma a shari'ar City Sports ta 2016 kotun Delaware ta ce masu irin wannan kati ba su da fifiko a layin. Ka biya da katin bashi, ba tsabar kuɗi ba. Idan ka yi oda ta intanet kaya ba su zo ba, doka ta ba ka kwana 60 daga ranar da banki ya aiko takardar lissafin ka ƙalubalanci kuɗin. Rasit kuma ka ɗauke shi hoto nan take, domin rubutunsa na gogewa cikin 'yan watanni.

Garanti iri biyu ne. Na mai ƙera kaya yana nan ko kanti ya mutu: Osprey na gyara jakunkunansa, Patagonia na da wurin gyara a Reno ta jihar Nebada, Darn Tough na musanya safarsa. Kayan da ke ɗauke da sunan kantin kansa kuwa, garantinsu yakan bi kantin kabari, kuma wanda ya sayi sunan daga baya ba dole ne ya ɗauki alkawarin da ba shi ya yi ba. Ba laifi a saye su, yawanci suna da kyau, amma a farashin abin da babu mai tsaya masa.

Takalmi

A nan aka fi tafka asara. Takalman hawan dutse masu nauyi da yawa suna da wani sashe na roba mai suna foliyuretan tsakanin tafin ƙasa da inda ƙafa ke zama. Danshin iska na cin wannan roba a hankali, kuma takalmin da ke ajiye ya fi wanda ake sawa saurin lalacewa. Bayan shekara biyar zuwa bakwai sai ta fara marmashewa, tafin ya ɓalle gaba ɗaya, galibi a tsakiyar tafiya. Daga waje kuwa takalmin sabo fil.

Ɗaga harshen takalmin ka duba tambarin ciki. Kamfanoni da yawa na buga wata da shekarar ƙira a wurin, kamar 03/21. Wanda ya haura shekara uku sai da rangwame mai tsoka, wanda ya haura biyar a bar shi. Danna gefen robar da farce: mai lafiya tana lotsawa ta dawo, wadda ta fara mutuwa tana barin gurbi, ko ta yi danƙo, ko ta nuna ƙananan tsaga. Lanƙwasa takalmin ka duba ko gam ya saki a baki da dunduniya. Takalmin da sashen nan nasa na soson roba mai suna EVA ne ba ya marmashewa haka, sai dai ya yi saurin lanƙwamewa idan ana takawa.

Gwaji da yamma ake yi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. A bar sarari kamar faɗin babban yatsa, wajen santimita ɗaya, a gaban yatsun ƙafa. Idan akwai gangaren gwaji a shagon, sauko a kansa: yatsu suka taɓa gaba, ƙara rabin lamba.

Tanti da rigar ruwa

Ciwon iri ɗaya ne, domin galibi da foliyuretan ake shafe cikin yadin. Kwance jakar, ka zaro tantin ka sansana. Wari mai tsami kamar na amai alama ce shafen ya fara ruɓewa. Shafa tafin hannu a shimfiɗar ƙasa da cikin rufin: kada ya yi danƙo, kada ya bar farin gari. Bi ɗinki ka duba siririn tef ɗin da aka manna a kai. Idan ya yi fari ko ya fara ɗagowa, ruwa zai bi ta nan. Tantin da aka kafa a shago don nuni ya sha hasken taga da hannun yara, ba a biyan fiye da rabin kuɗinsa.

Ƙirga komai kafin ka biya: sanduna, turaku, rufi, igiyoyi. Sandar alminiyom ta fi ta faiba, wadda ke tsagewa cikin sanyi da iska. Ja gaɓoɓin sandar ka saki. Idan robar ciki ba ta fizgo su ba, ta saki, amma wannan gyaran 'yan daloli ne, dalilin neman ragi ne kawai. Lambar jure ruwa kuma, milimita 1,200 zuwa 1,500 ta isa rufi, shimfiɗar ƙasa ta fi son 3,000.

Wanda ke niyyar turo irin waɗannan kaya gida a kwantena ya sani cewa zafi da danshi su ke hanzarta ruɓewar nan. Tantin da ya fara wari a Boston ba zai iso Kano da rai ba.

Jakar barci da rigar sanyi

Lambar da ke cikin sunan jakar barci a Amurka ma'aunin Farenhait ce. Jaka mai lamba 20 tana nufin kusan digiri 7 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, 32 kuma sifili. Nemi tambarin gwajin ISO 23537 ko EN 13537, mai lambobi uku. Ta farko, Comfort, ita ce sanyin da mai jin sanyi zai yi barci lafiya. Ta biyu, Limit, ta mai jure sanyi ce da ya dunƙule. Ta uku ta tsira da rai ce kawai, kada ka yi lissafi da ita. Wanda ya taso a ƙasar zafi ya bi ta farko.

Gashin agwagwan da ake cusa wa jakar da rigar ana auna kumburinsa daga 550 zuwa 800 da ɗoriya. Lamba babba na nufin ɗumi da rashin nauyi, amma yawan gashin da aka zuba shi ma abin dubawa ne. Girgiza jakar, ka shimfiɗa ta minti goma. Idan ba ta tashi ba, ta daɗe a matse. Ɗaga ta saitin fitila ka ga ko akwai gurbin da haske ke ratsawa. Katifar iska a hura ta, a kwanta a kai minti biyar a saurara. Lambar R ɗinta, wato ma'aunin yadda take tare sanyin ƙasa, 2 ta isa lokacin zafi, kwana kan ƙanƙara na son 4 zuwa sama.

Abin da rai ya rataya a kansa

Igiyar hawa, ɗamarar da ake ɗaura ta a ƙugu, majanyun nailan da hular kwano suna da wa'adi. Petzl da wasu masu ƙira sun sa iyakar shekara 10 daga ranar ƙira ga kayan yadi da roba, ko ba a buɗe su ba. Sayi wanda ke cikin ledarsa, da takardarsa, da shekarar ƙira a jiki. Na haya da na nuni, komai arharsu, a bar su. Ka kuma duba sunan samfurin a shafin CPSC, hukumar Amurka mai sa ido kan haɗarin kayan masarufi, ko an yi kiran a dawo da shi, tunda kantin da zai aiko maka da sanarwa ba zai kasance ba.

Rishon zango ya zama mai ɗaurin zare na EN 417, wanda gwangwanin gas ɗinsa ke samuwa ko'ina. Duba zoben robar da ke bakin ɗaurin, in ya bushe ko ya tsage gas zai yi yoyo. Gas ɗin butan zalla yana daina tashi a kusan sifili a ma'aunin Salshiyos, don haka na sanyi a nemi haɗin aisobutan da furofan. Ba a kunna shi cikin tanti saboda iskar da ke kisa ba wari, kuma gwangwanin ba ya hawa jirgin sama ko a wace jaka. Matatar ruwa irin Sawyer mai ramin maikiron 0.1 tana tare bakteriya, ba ta tare bairos, kuma wadda aka taɓa jiƙawa ta daskare ta tashi aiki. A rufe cikin kwalinta kawai ake sayenta.

Gyara ya dawo hannunka

Ma'aikacin da ke canza maka kan zif kyauta ya tafi, don haka kafin ka fita ka ɗebi kayan gyara, su ne aka fi karya wa farashi. Ɗauki bututun gam ɗin toshe ɗinki na Seam Grip ɗaya, naɗin tef ɗin faci na Tenacious Tape, mita 10 na robar sanda mai kaurin milimita 2.5 ko 3, ɗan bututun ɗora karyayyar sanda, da zoben risho biyu. Lura da yadin tantinka: wanda aka shafe da silikon gam ɗin silikon kaɗai ke kama shi.

Zif da ke buɗewa a bayan kansa, haƙoran ba su da laifi, kan ne ya buɗe baki. Matse gefensa biyu da filaya kaɗan kaɗan kana gwadawa, in ka cika ƙarfi zai karye. Idan ya ƙi, duba bayan kan, za ka ga lamba 5, 8 ko 10, ka sayi irinsa. Rigar ruwan da ta daina tsirto da ruwa a wanke ta da sabulunta na musamman kamar Nikwax, ba garin sabulun wanki ba, a busar da ɗumi kaɗan na minti 20. Jakar gashin agwagwa a busar da ita a inji tare da ƙwallon tanis biyu ko uku don su warware dunƙulen. Tanti ba a naɗe shi da danshi, kwana biyu sun isa ya yi fumfuna. Shi da jakar barci a ajiye su a sake cikin babban buhun auduga, a ɗaki mai sanyi da iska, ba a gareji ko bayan mota ba.