Kurakuran da masu yaɗa labaran kimiyya ke ta maimaitawa

Duk mako sai an gano maganin ciwon suga a wayata. Wani makon na ciwon daji ne, wani makon kuma a ce masana a Amurka sun tabbatar abu kaza yana kisa. Masu turo mini ɗin ba jahilai ba ne. Ɗalibaina ne, da matasan da suka buɗe shafukan wayar da kai a Facebook, da sababbin ma'aikatan rediyo da aka danƙa wa filin lafiya don kowa ya ƙi shi. Niyyarsu mai kyau ce kuma muna buƙatarsu, don masu bayanin kimiyya da Hausa ba su da yawa. Sai dai na gaji da amsa tambaya guda ga mutum ɗaiɗai, shi ya sa na ga gara in tattara abin da nake faɗa musu a ofis. Gyaran da zan kawo nawa ne, abin da na saba yi ne, wani malamin yana da nasa.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ɗauki sakamakon farko a mayar da shi magani. Kafin magani ya iso kemis, tafiya yake yi mai nisa. Ana fara zuba shi a kan ƙwayoyin halitta cikin faranti a ɗakin gwaji, sai a koma kan ɓeraye, sannan mutane: da farko 'yan gomomi don a ga ko yana cutarwa, sai ɗaruruwa, sai dubbai. A cikin magungunan da suka kai matakin gwaji a kan ɗan Adam, kusan 9 cikin 10 ba sa kai labari. A faranti kuwa, ko ruwan sabulu ka zuba wa ƙwayar daji sai ta mutu. Saboda haka in ka ga "an gano ganyen da ke kashe daji", tambaya ta farko ita ce a kan wa aka gwada, ta biyu kuma mutum nawa ne, ta uku da wa aka kwatanta su.

Duk wanda ya ga 2020 bai kamata a sake yi masa wannan karatun ba. A watan Maris na shekarar, wani likita a birnin Marseille na Faransa, Didier Raoult, ya fitar da takarda yana cewa hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorakwin ɗin da muka sha muka yi ta susa muna yara, yana kawar da cutar korona. Marasa lafiya 36 kacal aka lissafa. Ba da ƙuri'a aka raba masu shan maganin da marasa sha ba, sannan an cire mutum 6 daga cikin waɗanda suka sha maganin, alhali 3 daga cikinsu an kai su sashen kulawar gaggawa, ɗaya kuma ya rasu. Wato waɗanda jikinsu ya tsananta an share su daga lissafi. Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yaba maganin a bainar jama'a, cikin 'yan kwanaki hukumomi a Legas suka fara ba da rahoton mutanen da suka yi masa shan wuce kima suka kwanta asibiti. Da Birtaniya ta yi gwajin gaske mai suna RECOVERY a kan mutum sama da 4,000, a watan Yuni aka sanar cewa ba ya rage mutuwa ko kaɗan. Gwajin nan dai shi ne ya gano cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha da ba wanda ya yi wa talla, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya bisa uku. Takardar Marseille sai a Disambar 2024 aka janye ta, bayan an gama ɓarna.

Ni a nan gida na ɗanɗana kuɗata. Lokacin da shugaban Madagaska na wancan lokaci, Andry Rajoelina, ya fito yana kurɓar jiƙon wani tsiro dangin tazargade a gaban 'yan jarida yana cewa maganin korona ne, wani yaro daga wani gidan rediyo ya kira ni, da ladabinsa, "Malam, don Allah a yi mana bayani a kan tazargade." Na zauna na yi masa bayani tiryan-tiryan: cewa sinadarin artemisinin da ke cikin magungunan zazzabin cizon sauro na yanzu daga wani tsiro dangin tazargade aka ciro shi, cewa wata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015 a kan wannan aikin, amma wannan maganar zazzabi ce, babu wanda ya nuna yana maganin korona. Da aka sa shirin da daddare, an yanke daga kan "amma". Washegari bayan sallar Asuba wani dattijo ya riƙe mini hannu biyu a ƙofar masallaci yana girgizawa, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, kai ka fito ka faɗi gaskiyar da Turawa ke ɓoyewa." Gwaggona mai fama da asma ta rufe ɗaki ta cika kasko da garwashi ta turara shi, sai da aka kwana da ita a asibiti tana jan numfashi da ƙyar. Abokan aiki kuma suka laƙaba mini sunan da har yau ban gama wankewa ba. Yaron da na kira shi, cewa ya yi, "Wallahi Malam lokaci ne bai isa ba." Lokaci ya isa a sa kiɗa da gaisuwar masu sauraro, bai isa jimla ɗaya ba! Tun daga ranar, duk wanda ya zo hira da ni sai na kunna wayata na naɗi nawa kwafin a gabansa, kuma da "a'a" nake farawa kafin in yi bayanin komai, don in an yanke wutsiya, kan ya tsira. Kai kuma mai gabatar da shiri, in za ka yanke maganar masani, ka kira shi ka karanta masa abin da ya rage.

Na biyu shi ne kashi cikin ɗari da ba a faɗi tushensa ba. A Oktobar 2015 sashen binciken daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum, irin su tsiran gwangwani da busasshen nama mai gishiri, yana ƙara haɗarin dajin hanji da kashi 18 cikin 100. Nan take aka fara rubuta cewa mutum 18 cikin 100 masu cin kilishi za su kamu. Ba haka lissafin yake ba. A Amurka a wancan lokaci, kusan mutum 5 cikin 100 ne ke kamuwa da wannan ciwon a tsawon rayuwarsu. Ƙarin kashi 18 a kan 5 ya kai ka kusan 6. Mutum ɗaya ne ya ƙaru cikin ɗari, kuma ga mai ci kullum, ba mai sayen na ɗari biyar ranar Juma'a ba. An kuma ce an sa naman a rukuni ɗaya da taba sigari cikin abubuwan da ke jawo daji, wanda gaskiya ne, amma rukunin yana nuna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba.

Kada a ɗauka wannan wasan lissafi ne. A 1995 hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗin cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka haɗarin daskarewar jini. Ninki biyu, abin tsoro. Ainihin alƙaluman kuwa daga kusan mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Mata suka watsar da maganin a firgice, kuma an ƙiyasta cewa zubar da ciki ya ƙaru da kusan 13,000 a shekarar da ta biyo. Ni ɗabi'ata, ba na rubuta "kashi" sai na mayar da shi mutane: a cikin mutum 1,000, da nawa ne, yanzu nawa ne. In na kasa samun lambar farko, labarin ba ya fita daga hannuna. Haka ma rigakafin zazzabin cizon sauro na R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. In an ce ingancinsa ya kai kusan kashi 75, ana nufin inda yara marasa rigakafi za su kwanta sau 100, masu rigakafi za su kwanta kusan sau 25. Ba a ce a naɗe gidan sauro a ajiye ba.

Akwai kuma haɗa abu biyu don sun zo tare. Mangwaro ya sha zargi a ƙasar Hausa, don yana nuna ne a tsakiyar bazara, daidai lokacin da zafi da ƙura da cunkoson ɗaki ke buɗe wa sanƙarau hanya. Ɗanyar gyaɗa da sabuwar masara su ma an ce suna kawo zazzaɓi, alhali damina ce ta kawo su ta kawo sauro. Da wannan tunanin aka ɗaura wa 5G korona, ba a tsaya an tambaya yadda cutar ta yi kaca-kaca da garuruwan da ko 4G ba ta zauna ba. Nemi abu na uku da ya kawo su duka biyun.

Ku kuma masu "na tura ne yadda aka turo mini", ba ni da sassauci a kanku. A farkon Agustan 2014, makonni kaɗan bayan Ebola ta shigo Legas, aka tashi mutane cikin dare da waya: a yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin gari ya waye. Su wa suka yi ta bugun wayar? Masu digiri ne, su ne masu kati da lambobin dangi. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2 da kwantar da wasu da dama a asibiti. Ebolar kanta mutum 8 ta kashe a duk Najeriya kafin a shawo kanta a watan Oktoba, kuma ba ta ko iso Arewa ba. Idan sunanka na ɗauke da Dakta ko Injiniya, duk abin da ya fita daga wayarka ya zama fatawa a wurin innarka. Ni labarin da ya tayar mini da hankali, ko ya faranta mini rai fiye da kima, sai ya kwana a wayata kafin in taɓa shi.

Sauran ƙanana ne. Duba kwanan wata, don labarin 2017 yana dawowa sanye da sabuwar riga. "Masana sun ce" ba hujja ba ce sai an faɗi su wane ne da jami'arsu. Farfesan lissafi ba likitan ƙoda ba ne. Takardar da aka ɗora a intanet kafin wasu masana su tantance ta, ka faɗa wa mai karatu hakan. ChatGPT da ire-irensa suna ƙirƙiro sunan takarda da marubucinta su miƙa maka ba ko kunya, sai ka nemo takardar da idonka. Kuma sakamako guda, ko daga ina ya fito, jira za a yi a maimaita shi: a 2011 masana a Italiya sun auna wasu ƙwayoyin zarra da suka yi kamar sun fi haske gudu, ashe wata waya ce ba ta ɗauru da kyau ba.

Akwai kuskuren da na fi gani wurin waɗanda suka fara gane duk abin da na faɗa a sama, wato zagin mai shakka. Yaro ya karanta takarda biyu, sai ya hau Facebook yana kiran iyayensa 'yan ƙauye don sun ƙi allura. Ka san abin da ya faru a Kano a 1996? Ana tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, wannan tabon yana nan ɗanye. Dakatarwar ta jawo asara, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Amma ba gori ne ya dawo da mutane ba. An kawo maganin daga Indonisiya a 2004, sarakuna da malamai suka shiga gaba, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin nau'in ƙwayar shan inna a Agustan 2020. In mutum ya kawo maka Trovan, ka ce masa gaskiya ne ya faru, sannan ku yi maganar allurar da ke gabanku.

Yanzu rigimar ta koma kan masarar TELA da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a Janairun 2024, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta don ta jure tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Afirka a 2016. Na lura kowa yana zaɓar ɓangare ne gwargwadon wanda ya tsana: mai ƙin gwamnati ya ce guba ce, mai ƙin 'yan adawa ya ce ba ta da aibu ko ɗaya. Tambayoyi ne daban-daban aka cakuɗa. Ko cin ta yana cutarwa, wannan ɗakin gwaji ne zai amsa, kuma shekaru kusan 30 da ake cin irin wannan masara a wasu ƙasashe ba su nuna cutarwa ba. Ko manomi zai iya ajiye iri, wannan kuma maganar aure ce tsakanin iri biyu: duk masarar da aka aurar, sauyayya ko ba sauyayya ba, in ka sake shuka 'ya'yanta za ta tsiro amma yabanya ta ragu, don haka sai ka koma kasuwa. Wa ke riƙe da irin, nawa zai sayar wa manomin Giwa ko na Saminaka baɗi, wa zai sa ido a kan farashin, wannan siyasa ce tsantsa, kuma 'yan majalisa ya kamata a titsiye a kai, ba mai farar riga ba.