Kurakuran da aka fi yi wajen samar da sabon irin furen lili na tukunya

Furen lili da ake magana a nan shi ne wanda masana tsirrai ke kira Lilium, tsiro mai albasa a ƙarƙashin ƙasa wanda asalinsa yake a yankuna masu sanyi na Asiya da Turai da Arewacin Amurka, kuma ba shi da dangantaka da badon da ke fitowa a tafki. Ƙasar Holan ce ke kan gaba wajen noman albasarsa da fitar da sababbin ire-irensa, sai dai akwai masu sha'awa da yawa a wasu ƙasashe da ke haɗa nasu irin a bayan gida. Barbarar fure biyu ba ta da wuya, domin furen babba ne kuma sassansa a fili suke. Wahalar tana wajen lokaci, tunda daga ranar barbara zuwa ranar da za a ga furen farko ana shafe shekara biyu zuwa biyar, kuma kuskuren da aka yi a makon farko ba ya bayyana sai bayan an ɓata waɗannan shekarun.

Kuskure mafi girma shi ne zaɓen iyaye saboda kyan furensu kawai. Mai haɗa iri yakan ga fure mai ɗaukar ido a kan kara mai tsawon mita ɗaya da rabi, ya yi barbararsa da wani makamancinsa, yana fatan cewa tukunya za ta takura 'ya'yan su gajarta. Tukunya tana rage girman tsiro kaɗan, amma ba ta sauya abin da ya gada, don haka abin da ake samu shi ne dogon kara mai raunin gindi wanda iska ke kifar da shi tare da tukunyarsa. Lili na tukunya ana so tsawonsa ya tsaya tsakanin santimita 30 zuwa 45, ganyensa ya yi kusa da juna ya rufe kara tun daga ƙasa, furanninsa kuma su kalli sama su taru wuri ɗaya. Gyaran shi ne aƙalla ɗaya daga cikin iyayen, kuma gara dukansu biyu, ya kasance gajere ta hanyar gado. Jerin ire-iren da ake kira Pixie, waɗanda aka samar a jihar Oregon ta Amurka, da jerin Tiny na Holan, duk an fitar da su ne domin wannan manufa, kuma su ne tushe mafi sauƙi ga mai farawa. Kallon sama da furannin gidan lili da ake kira 'yan Asiya ke yi ya samo asali ne daga ire-iren daji irin su Lilium dauricum da Lilium maculatum, kuma irin nan Enchantment da Jan de Graaff ya fitar a Oregon a shekarun 1940 shi ne ya yaɗa wannan siffa a kasuwa.

Akwai tarko a cikin wannan gyaran kansa, wanda ya fi kama masu farawa fiye da kowane. Gajeren lili da aka saya daga shagon furanni ba lallai ne gajartarsa ta gado ba ce. Masu noman kasuwa suna zuba wa tukwane sinadaran hana tsawo irin su paclobutrazol da ancymidol, ko su jiƙa albasar a cikinsu kafin shuka, kuma suna sarrafa zafin ɗakin raino. Bincike a Jami'ar Jihar Michigan a shekarun 1980 ya nuna cewa idan rana ta fi dare zafi da yawa kara yana miƙewa, idan kuma aka rage wannan bambanci ko aka juya shi, tsiron yana gajarta. Duk waɗannan dabaru suna aiki ne na kaka ɗaya, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke shiga iri. Saboda haka duk tsiron da ake son a mayar uwa ko uba, ya kamata a rene shi kaka guda ba tare da sinadari ba, a auna tsawonsa na gaskiya, sannan a yanke shawara a kansa. Haka nan bai kamata a taɓa zuba wa 'ya'yan da ake tantancewa irin wannan sinadari ba, domin yin hakan ɓoye abin da ake nema ne da hannun mai nema.

Kuskure na gaba ya shafi dangantaka. An kasa lili na lambu gida-gida, manyansu su ne 'yan Asiya, da 'yan Gabas masu ƙamshi irin su Stargazer wanda Leslie Woodriff ya samar a Kalifoniya a shekarun 1970, da masu siffar kakaki, da kuma dangin Lilium longiflorum, farin furen da asalinsa tsibiran Ryukyu na Japan ne da Taiwan. A cikin gida ɗaya barbara takan kama ba wahala. Tsakanin gida da gida kuwa, ko dai garin furen ya kasa ratsa dogon wuyan macen furen, ko kuma a samu ɗan tayi ya mutu kafin iri ya nuna saboda abincin da ke cikin ƙwayar bai haɗu ba. Ire-iren LA (longiflorum da 'yan Asiya) da OT ('yan Gabas da masu kakaki) da ake gani a kasuwa, waɗanda aka haɗa tsakanin gidaje, an same su ne ta hanyar yanke wuyan macen a ɗora gari kusa da mahaifa, sannan a ciro ɗan tayin tun yana ɗanye a rene shi cikin kwalba a ɗakin gwaji, aikin da Jami'ar Wageningen ta Holan ta yi fice a kai. Wanda ba shi da ɗakin gwaji ya fi masa alheri ya tsaya a gida ɗaya, kuma a ganina 'yan Asiya ne suka fi dacewa, saboda sun fi saurin tsira da saurin fure kuma gajerun cikinsu suna da yawa.

Adadin kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin halitta, shi ma yana iya hana haihuwa. Lili na asali yana da guda 24, amma yawancin ire-iren LA na kasuwa suna da 36, haka ma Lilium lancifolium da aka fi shukawa a lambuna. Irin waɗannan kusan kamar alfadari suke, ga ƙarfi ga girma amma garin furensu ba ya haifarwa, ko da yake wani lokaci sukan ɗauki ciki idan aka sa su a matsayin uwa. Sannan yawancin lili ba ya karɓar garin kansa, kuma tsirrai goma masu suna ɗaya da aka saya a buhu ɗaya, a wajen gado tsiro ɗaya ne da aka yawaita, don haka barbarar junansu ba ta ba da komai. Lilium regale, wanda Ernest Wilson ya samo a kwarin kogin Min na lardin Sichuan a Sin a 1903, yana da nasa halin: idan aka sa shi uwa yakan cika kwanso da iri, amma 'ya'yan sukan fito kamarsa sak ba tare da alamar uban ba. An fi amfana da shi a matsayin uba.

A ranar barbara kanta, kurakuran ƙanana ne amma suna lalata aiki gaba ɗaya. Wasu suna jira fure ya buɗe kafin su cire jakunkunan garinsa, alhali a lokacin ƙudan zuma ko iska sun riga sun kai wani garin. Ana buɗe furen uwa da hannu kwana ɗaya kafin ya buɗe da kansa, a cire jakunkunan guda shida da matsefata, a rufe kan macen da ɗan fallen alminiyam. Bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da kan ya fara danshi da yauƙi, sai a shafa masa garin uba sosai a sake rufewa. Matsefata da yatsu suna buƙatar gogewa da sifirit tsakanin barbara da barbara. Idan uba ya riga uwa yin fure, babu dalilin fasa haɗin, domin garin da aka busar da kyau aka rufe a kwalba tare da abin tsotse danshi yana iya kaiwa kaka mai zuwa a firiza. Kuma dole a ɗaura alama a kan kowane fure nan take, sunan uwa da farko sannan na uba, da kwanan wata, da fensir maimakon biro, domin tawada tana gogewa a rana. Wanda ya samu kyakkyawan tsiro bai san iyayensa ba, ba zai iya maimaita haɗin ba.

Kumburin kwanso ba hujja ba ne cewa an yi nasara. Kwanso yakan miƙe ya kumbura, ya nuna cikin wata biyu zuwa uku, amma a tarar da ƙaiƙayi a ciki. Ana gane iri na gaske ta hanyar ɗaga ƙwayar a gaban haske, inda ake ganin ɗan tayi kamar siririn layi a tsakiyarta. Wanda babu layin a cikinsa zubar da shi ake yi.

Daga nan sai kuskuren da ya sa mutane da yawa suka zubar da iri mai rai. Irin 'yan Asiya da na masu kakaki da na longiflorum yana fitar da ganye cikin 'yan makonni. Na 'yan Gabas kuwa yana fara yin 'yar ƙaramar albasa ne a ƙarƙashin ƙasa, yana buƙatar kusan wata uku na ɗumi, sannan kusan wata uku na sanyi, kafin ganye ɗaya ya leƙo. Mai shuka da bai san haka ba yakan ga kasko babu komai bayan wata biyu ya juye shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba irin cikin leda tare da ƙasar raino mai ɗan danshi, a ajiye a ɗumi har ƙananan albasar su bayyana, a mayar firji, sannan a shuka.

Tantance 'ya'ya ita ce wurin da ake rasa gaskiya da kai. Kowane tsiro da ya fito daga iri dabam yake da ɗan'uwansa, kuma mafi yawansu ba za su kai iyayensu ba. Kamfanoni suna shuka dubbai su riƙe 'yan kaɗan, shi ya sa fitar da sabon iri zuwa kasuwa yakan ɗauki shekara goma ko fiye. Mai ƙaramin wuri ba zai iya haka ba, amma zai iya guje wa abubuwa biyu. Na farko shi ne yanke hukunci a furen farko, lokacin da albasar take ƙarama. Tsiron da ya yi santimita 25 da fure ɗaya a shekararsa ta farko yana iya ninka tsawonsa idan albasar ta cika, don haka sai an ga fure na biyu da na uku ake sanin tsawon gaskiya da yawan furanni. Na biyu shi ne gwaji a fili alhali irin na tukunya ne. A tukunya ƙasa tana zafi da sauri, tana bushewa da sauri, saiwa kuma ba ta da wurin gudu, kuma a nan ne ake ganin wanda ganyensa na ƙasa ke yin rawaya ya zube, da wanda ke zubar da tohon fure idan haske ya yi ƙaranci, matsalar da aka san wasu 'yan Asiya da ita. Dole gwajin ya zama a tukwane masu girma ɗaya, da ƙasa iri ɗaya, da albasa masu kauri ɗaya, a jere da wani sanannen irin tukunya domin a samu abin aunawa.

Wasu lokutan laifin na mai raino ne, sai a ɗora wa irin. Lili yana fitar da saiwa daga kara a saman albasa, kuma wannan saiwar ce ke ciyar da fure, don haka albasar da aka shuka a sama-sama ba tare da aƙalla santimita 5 na ƙasa a kanta ba, za ta ba da tsiro mai rauni. Tukunyar da ba ta zubar da ruwa tana jawo ruɓewar gindin albasa ta hanyar fumfunar Fusarium, jiƙa ganye da yamma kuma yana kawo tabon Botrytis. Ƙonewar bakin ganye na iya zuwa daga sinadarin fuloraid da ke cikin takin sufa. Albasa kuma tana buƙatar sanyi kafin ta yi fure, kusan mako shida a ma'aunin digiri 2 zuwa 5 ga 'yan Asiya, mako takwas ko fiye ga 'yan Gabas. A ƙasashe masu zafi irin namu firji ne kaɗai zai ba da wannan sanyi, kuma ba a haɗa albasar da 'ya'yan itatuwa a ciki, domin iskar etilin da suke fitarwa tana lalata furen da ke cikin albasar.

Ƙwayoyin cutar bairos, waɗanda darɓa ke yaɗawa, galibi ba sa bi ta cikin iri, wanda ke nufin 'ya'yan da suka tsira suna farawa da tsabta ko da iyayen suna ɗauke da cuta. Kuskuren shi ne a jera su kusa da tsofaffin tsirrai, musamman Lilium lancifolium wanda yakan ɗauki cutar ba tare da ya nuna alama sosai ba. Tsiron da ya kamu ba ya warkewa, kuma duk abin da aka yawaita daga jikinsa zai ɗauke ta, don haka ana raba wurin raino, a sa raga, a tuge duk wanda ganyensa ya yi rodi-rodi.

Idan an samu wanda ya cancanta, ba a yawaita shi ta iri, domin 'ya'yansa ba za su zama shi ba. Ana ɓalle 'yan ɓawon albasar masu kauri daga waje, a sa su a leda da ƙasar raino mai danshi a ɗumin kusan digiri 20 zuwa 23, kuma cikin wata biyu zuwa uku ƙananan albasa suna fitowa a gindinsu. Kada a bar tsiro ɗaya tilo ya zama shi ne dukan jarin, kuma kada a raba wa mutane ko a sayar kafin a yanke shawara kan neman haƙƙin mallaka, domin sayarwa da wuri na iya soke sharaɗin kasancewar irin sabo da dokokin kare haƙƙin masu samar da iri suka gindaya. Rajistar suna abu ne dabam da haƙƙin mallaka, kuma ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya da ake kira RHS ce ke riƙe da kundin sunayen lili na duniya, inda ake duba ko wani ya riga ya ɗauki sunan. Tunda irin tukunya cikin gida yake shiga, wajibi ne takardar da ke jikinsa ta faɗi cewa dukan sassan lili, har garin furensa, guba ne ga kyanwa kuma yana iya lalata mata ƙoda.