Yadda Akawun Kotu Ke Tafiyar da Ƙarar Mai Gida da Ɗan Haya

Shari'ar haya a kan kwanan wata take rataye. Mai gida zai shigo yana huci, ɗan haya ya shigo yana rantsuwa, amma abin da alƙali zai fara nema shi ne yaushe aka ba da notis, wato takardar sanar da ɗan haya ya tashi daga gida, kuma hannun wa ya shiga.

Kafin ka buɗe fayil, tambayi mai ƙara abin da yake nema: gidansa, bashin haya, ko duka biyun? Kowanne a rubuta shi daban, bashin kuma a fayyace daga wane wata zuwa wane wata. Duba ko gidan na cikin yankin kotunku, ko kuma kuɗin sun wuce hurumin alƙalin. Sai ka karɓi yarjejeniyar haya in an rubuta, da rasit na ƙarshe, da kwafin notis. In wakili ne ya zo, ya kawo shaidar wakilci.

Yanzu zauna ka ƙirga, domin a nan yawancin ƙararraki ke karyewa. A dokokin da suka gaji tsarin Ingila, mai hayar mako notis na mako guda ake ba shi, mai hayar wata na wata guda, mai hayar shekara kuwa wata 6, sai dai in yarjejeniya ta yanka wani wa'adi. Wasu dokokin suna ƙara takarda ta biyu ta kwana 7 bayan na farko ya cika. Ajiye dokar yankinku kusa da kalanda. In ka ga kwanakin sun gaza, sanar da magatakarda. Kada ka kori ƙarar da bakinka, kada kuma ka taɓa kwanan watan ko da mai gida ya roƙe ka. Alƙalami ɗaya da ya goge lamba ya isa ya raba mutum da aikinsa.

Daga nan a biya kuɗin shigar da ƙara, ka ba ta lamba, ka buga hatimi, ka shigar a rajista. Adireshi ya cika har lambar ɗaki ko shago, don gida ɗaya kan ɗauki 'yan haya goma.

Sammaci ya fita da wuri. Masinjan kotu ya dawo da takardar shaida: rana, lokaci, da wanda ya karɓa. In ɗan haya na ɓuya, ba a liƙa sammaci a ƙofa sai alƙali ya ba da izini.

Ranar zama, jera fayiloli, kira ƙara, sa alama a kan kowace takardar da aka karɓa a matsayin shaida. In an ɗage, rubuta sabuwar ranar nan take, a aika wa wanda bai zo ba. Ɓangarorin za su tare ka a baranda suna tambayar wa zai ci. Nuna musu tsari kawai, shawara aikin lauya ce.

Bayan hukunci, rubuta umarnin yadda alƙali ya furta, da ranar tashi da adadin bashi. In ranar ta wuce ɗan haya bai fita ba, mai gida ya dawo ya nemi takardar zartarwa, wato izinin aiwatar da hukuncin, ma'aikatan kotu su je su fitar da shi. Kafin ka miƙa ta a sa hannu, leƙa fayil ka tabbatar ba a shigar da buƙatar dakatar da zartarwa ba.