Yadda Ake Shirya Wurin Aiki da Ƙarasa Kabad ɗin Kicin na Gidan 'Yar Tsana

Duk wanda ya taɓa shafa fenti a Yamai lokacin hunturu ya san halin ƙura. A ƙofar gida ba wanda zai lura da ita, amma a ƙofar kabad da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, ƙwayar yashi guda sai ta zauna kamar tsakuwa. Masu irin wannan aiki sun fi amfani da awon 1 bisa 12, wato santimita 12 na kayan gaske ya zama santimita 1. Kabad na ƙasa mai tsayin santimita 90 zai dawo 7 da rabi, zurfinsa na 60 ya dawo 5. Aibi ma da wannan awon ido ke kallonsa: fenti mai kaurin milimita 1 tamkar an lafta na milimita 12 ne a kabad na gaske. Shi ya sa nake cewa kyan aikin daga wurin zama yake farawa, tun kafin a buɗe gwangwanin fenti.

Fara da neman kusurwa nesa da ƙofa, inda hasken taga ke zuwa ta gefe. In da hannun dama kake aiki, hasken ya fito ta hagu don kada inuwar hannunka ta rufe layin da kake bi. Ƙaramin tebur ya isa. Ka tanadi fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta, kuma kada fanka ta fuskanci teburin. Na san a watan Afrilu wannan magana da nauyi, to amma gara ka yi aikin da sassafe bayan asuba da ka bar iska ta watsa maka ƙura a kan ɗanyen fenti.

Sai ka raba wurin biyu. Yanka da guga suna tayar da gari, don haka a tsakar gida nake yin su, kan wani falanki daban. Teburin ciki na gam ne da fenti kaɗai. Gwangwanin madara guda na buroshi, gashinsu a sama; wani na fensir, rular ƙarfe, hantsaki da wuƙa. Ƙananan abubuwa irin su duwatsun ado da fil na tela, a zuba su cikin kwalabe masu murfi da ake ganin cikinsu. Kowane kabad da nasa faranti, ƙofofinsa da kantocinsa a ciki, an sa musu lamba da fensir ta baya. Na taɓa haɗa ƙofofi shida wuri guda, na ɓata yamma ɗaya cur ina gwada wacce ce ta wane. Reza da fil kuwa a sa su inda hannun yaro ba ya kai, katakon kuma a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Abu na ƙarshe a teburin, wanda na fi ji da shi, kwali ne mai tsabta da za a riƙa kifawa kan duk abin da aka shafa wa fenti. A sa ɗan tsinke a ƙarƙashin bakinsa don iska ta ratsa.

Kayan aikin ba sai an yi odarsu daga waje ba. A Kasuwar Katako akwai ragowar siraran falankai wajen kafintoci, da farin gam na katako, da takardar guga. Ka nemi lamba 220 da lamba 400, lambar tana rubuce a bayan takardar, kuma yawan lamba yawan laushi.

To, ga kabad an haɗa. Kafin komai ka duba inda gam ya tsattsafo. Busasshen gam yana toshe katako, launi ba ya shiga wurin, sai ka ga fari-fari a gefen haɗi. A kankare shi a hankali da bakin reza. Daga nan a goge da 220, ana bin jijiyar katakon, kada a gitta ta. Ni nakan manna takardar a jikin ɗan katako mai faɗin yatsa, domin in da yatsa kawai aka goge, kusurwoyi kan lanƙwashe, kabad ya koma kamar sabulun da aka jima ana wanka da shi. A share garin da tsumma mai ɗan laima, a bari ya bushe.

Shafin farko farin fenti ne mai ruwa-ruwa. Ruwan zai sa gashin katako ya miƙe, ka taɓa ka ji kaushi. Wannan ba ɓaci ba ne, a bi shi da 400 sama-sama. Siraran ƙofofi dole a shafe su ciki da waje a lokaci guda, in ba haka ba gefen da ya sha ruwa zai kumbura ƙofar ta karkace. Manna ƙofar a kan tsinke da ɗan salatif, ka riƙe tsinken, yatsa bai taɓa fenti ba.

Launi kuwa, fentin akirilik da ake sirkawa da ruwa shi ya fi sauƙi. Sirka shi ya yi kaurin madara, ka shafa sau uku sirara, kowane shafi ya bushe a ƙarƙashin kwali kafin na gaba. Shafin launi na farko zai ba ka haushi, farin fentin ƙasa na leƙowa ta ko'ina, zuciya na cewa ƙara. Kada ka ƙara. A bushin nan namu fentin na kamewa kafin ka kai ƙarshen ƙofa, don haka ɗan kaɗan za ka riƙa zubawa a murfin kwalba, kuma kada ka koma kan inda ka riga ka wuce. Da damina kuwa a ninka haƙurin jira. In za a sa man sheƙi a ƙarshe, a zaɓi mai ɗan dishi-dishi, don mai walƙiya sosai yakan sa katako ya yi kama da roba.

Maratayar ƙofa fil biyu ne, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. A fara huda wurin da allura don kada katakon ya tsage, a yanke fil ɗin, a tura, a bar rata kaurin takarda a kewayen ƙofar saboda fentin ya ƙara mata jiki. Mariƙi kuma ɗan dutsen ado ne da aka zura a fil, da ɗigon gam a bakin tsinken sakace.

Kan kantoci, 'yata ta ƙi faranti irin na Turai, ta ce jere take so irin na ɗakin kakarta a Tawa. Murafan kwalba muka yi wa farin fenti, muka ɗiga furanni ja da kore da bakin tsinke, muka jera su babba a ƙasa ƙarami a sama. Saura tukunya da murhu, ga gwangwanin tumatir nan na wanke na ajiye.