Ranar 11 ga Satumba a New York: abin da sabon zuwa zai yi da abin da zai kiyaye

Kowace shekara idan watan Satumba ya kama, sababbin zuwa a Bronx, ɗaya daga yankunan birnin New York, kan rabu gida biyu. Wasu sun ji an ce ranar 11 ga wata Musulmi ba ya fita, sai su kulle kansu a ɗaki, su ƙi zuwa aiki, har su hana yara makaranta. Wasu kuma ko a jikinsu, su tafi wurin da dogayen benayen nan biyu na World Trade Center suke a da, su tsaya gaban sunayen matattu suna ɗaukar hoto ana washe baki. Duka biyun kuskure ne.

Ba ranar hutu ba ce. Ofisoshi a buɗe suke, makarantu ma haka, jiragen ƙarƙashin ƙasa na tafiya kamar kullum. Za ka ga an sassauto da tutoci zuwa rabin sanda, a makarantun gwamnati na jihar kuma akan yi shiru na ɗan lokaci, don haka ka gaya wa yaranka tun da dare. Mutum 2,977 ne suka rasu a harin da aka kai da jiragen sama huɗu da aka sace a wannan rana a 2001, 343 daga cikinsu 'yan kwana-kwana, kuma mamatan sun fito daga ƙasashe fiye da 90, har da Musulmi. A 2009 ne aka kafa dokar da ta mayar da ranar ta tunawa da mamatan da kuma aikin sa kai a faɗin Amurka. Waɗanda suka fi matsa wa wannan magana su ne David Paine da Jay Winuk, wanda ƙaninsa Glenn, lauya kuma ɗan kwana-kwana na sa kai, ya rasu a wurin ceto. Ƙungiyarsu ana kiranta 9/11 Day.

Idan ziyarar filin tunawa da aka yi a wurin benayen kake so, jirgi mai lamba 4 zai ɗauke ka daga Bronx har tashar Fulton, daga nan ɗan tattaki ne. Sai dai kada ka je da safiyar ranar: filin na iyalan mamatan ne kaɗai, ana karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya, sai da rana ake buɗe wa kowa. Ana yin shiru sau shida, 8:46 da 9:03 da 9:37 da 9:59 da 10:03 da 10:28, lokutan da jiragen suka faɗa da lokutan da benayen suka rushe. Shiga filin kyauta ne, gidan tarihin ne ake sayen tikiti. Akwai manyan ramuka biyu da ruwa ke kwarara a ciki, an zagaye su da tagulla da aka huda sunaye 2,983, an haɗa da mutum shida na harin bam da aka kai wa benayen a 1993. Idan ka ga farar fure an soke ta a cikin wani suna, ranar haihuwar mai sunan ce. Kada ka ɗora jaka ko kofin shayi a kan sunayen, kada ka zaunar da yaro a kai, kada ka jefa kwabo cikin ruwan. Wanda ke tsaye kusa da kai yana shafa tagullar da yatsa, wataƙila sunan mahaifinsa ne.

Aikin sa kai ɗin kansa ba wuya. Mafi yawa na ranar shi ne ƙulla abinci: a jera ku a dogon tebur, wannan ya auna, wannan ya zuba a leda, wancan ya liƙe baki, na ƙarshe ya jera a kwali. Awa biyu zuwa uku. Za a ba ka safar hannu da ragar rufe gashi, mai hijabi ba a ce mata ta cire. Ka sa takalmi mai rufe yatsu, mai silifas a ƙofa ake juya shi. Babban taron ƙulla abinci na 9/11 Day yawanci kamfanoni ne ke kawo ma'aikatansu, mutum ɗaya da ƙyar yake samun gurbi, saboda haka ka nemi ƙungiyoyin agaji irin su New York Cares ko Food Bank For New York City, ka yi rajista ta intanet tun cikin Agusta. Idan an ce ƙarfe tara, to tara saura kwata ake nufi. Lokacin biki na gida ba ya aiki a nan, kuma wanda ya yi rajista bai zo ba bai kuma sanar ba, ana rubutawa. Azahar kan shiga wajen ƙarfe ɗaya, ka zaɓi aikin safe ka huta da neman lungun salla. A wurin tantance gwangwanaye za ka ci karo da masu naman alade. Idan ba ka so, ka faɗa tun farko a ba ka teburin kayan lambu, ba wanda zai ji haushi.

Yanzu ga inda ake karyewa, wato takardu.

Aikin sa kai na gaskiya ba ya bukatar izinin aiki. Mai bizar ziyara, ɗalibi, mai neman mafaka da ke jiran katinsa, duk suna iya ƙulla abinci ko share lambun unguwa. Amma hukumar shige da fice ba ruwanta da sunan da ka laƙaba wa abu, yanayinsa take dubawa. Abu uku ne: wurin ya zama na ƙungiyar agaji da ba riba take nema ba, kada a ba ka komai a madadin aikin, kuma kada ya zama gurbin da a al'ada ake biyan wani albashi a kai. Ɗaya ya faɗi, magana ta canza. Tsayawa a kantin ɗan garinku kana jera kaya "don taimako" ba sa kai ba ne, ko da bai ba ka sisi ba, domin kanti wurin kasuwanci ne. Haka wanke kwanuka a gidan abinci a ba ka kwano biyu da katifa. Haka kitso a shago da sunan koyo. Da yawa suna cewa ai ba kuɗi na karɓa ba. Masauki da abinci ma lada ne a idon doka. Rigar da aka raba wa kowa da gorar ruwa ba komai ba ne, amma idan aka miƙo maka ambulan ko katin sayayya a ƙarshen rana alhali ba ka da izinin aiki, ka yi godiya ka mayar. Ɗalibai su fara tambayar ofishin ɗaliban waje na makarantarsu kafin su karɓi wani aiki mai tsawo. Shirin AmeriCorps kuwa, na hidimar ƙasa na gwamnatin Amurka, da za ka ga sunansa a tallace-tallacen ranar, zama cikakken ɗan shirin yana zuwa da alawus, kuma sai ɗan ƙasa ko mai girin kad, wato katin zama na dindindin; fitowa aikin yini ɗaya da suka shirya daban ne.

Sai fom. Aikin abinci suna da lambar waya da sa hannu kawai yake nema. Aikin da ya shafi yara ko tsofaffi shi ne ake binciken mutum, a nemi lambar soshal (Social Security), wadda gwamnati ke bayarwa don aiki da haraji. Idan ba ka da ita, ka ce ba ka da ita, a ba ka wani aikin. Kada ka rubuta ta abokin zamanka, kada ka ƙirƙira. Mafi hatsari duka, idan ka ga akwatin da ke tambayar ko kai ɗan ƙasa ne, kada hannunka ya kai wurin matuƙar ba haka ba ne. Yin ƙaryar zama ɗan Amurka na iya rufe maka ƙofar girin kad har abada, kuma kusan babu afuwa a kansa. Wannan ya fi faruwa a teburin rajistar zaɓe, domin a watan Satumba ake gangamin rajista, kuma masu yi kan kafa teburinsu a irin waɗannan taruka. Yarinya ce za ta tare ka da murmushi da biro, ta ce minti biyu ne kawai. Ita ba mugunta take yi ba, ba ta san matsayinka ba ne. Mai girin kad ma bai da ikon sa hannu a wannan takarda. Ka ce ba ka cancanta ba, ka wuce. Abin haushi, mutanenmu kunya ke sa su karɓi biron, wai kada a ga sun yi wa mutum wulaƙanci.

Shaidar da za ka riƙe kuwa, kada ka yawo da fasfo. Ka yi katin IDNYC, na birnin ne, kyauta, kuma ba a tambayar matsayinka na shige da fice. Idan ka gama aiki, ka roƙi mai kula da ku wasiƙa a takardar ƙungiyar mai tambari, da sunanka kamar yadda yake a fasfo, da kwanan wata da adadin awoyi da sa hannu. Ka karɓa a makon nan, domin ma'aikatan irin waɗannan wurare ba sa daɗewa, bayan shekara biyu ba wanda zai tuna fuskarka. Wasiƙar ba ta ba kowa takardar zama, duk wanda ya ce maka tana bayarwa kuɗinka yake so. Amfaninta shi ne lauya kan sa ta cikin shaidar kyawun hali, kuma tana cike gurbi a takardar neman aiki ga wanda bai taɓa aiki a ƙasar ba. Akwai kuma takardar yardar a ɗauki hotonka. Mai neman mafaka ya tambayi lauyansa kafin fuskarsa ta fita a intanet. Ana iya yin aikin ba tare da sa hannu a wannan ba.

Ba da jini ma na cikin ayyukan ranar, kuma a nan sababbin zuwa ke dawowa rai a ɓace. Ka'idar da aka yi wa gyara a 2020 ita ce wanda ya zauna a ƙasar da ake zazzaɓin cizon sauro ya jira shekara uku, wanda ya je ziyara kawai wata uku. Najeriya da Nijar da Gana duk suna ciki. Ba wariya ba ce, kuma kada ka ɓoye inda ka fito, jinin marar lafiya za a ƙara wa. Ka kira New York Blood Center ka ji ka'idar da suke kai yanzu kafin ka ɓata kuɗin jirgi. Tsofaffin zuwa da suka wuce wa'adin su ya kamata su cika layin, domin masu sikila a nan sun fi dacewa da jinin baƙar fata, kuma masu bayarwa ba su da yawa. Nauyi ya kai kilo 50, ka ci abinci, ka sha ruwa.

Kuɗin sadaka: ka ba ƙungiyar da ke da rajista a hukumar haraji, ka karɓi rasit. Sakon WhatsApp mai lambar asusun wani mutum, ka bar shi inda ka gan shi. Dokar tallafa wa ta'addanci a nan faɗi gare ta, "ban sani ba" kuma ba ya yawan fitar da mutum.

Baki kuma a kama shi. Hirar majalisa ta cewa ai su suka shirya abinsu, ko wasa da hotunan benayen, kada ta biyo ka wurin aiki ko Facebook. Tun 2019 fom ɗin neman biza ke tambayar sunayen da mutum ke amfani da su a shafukan sada zumunta, ka ɗauka duk abin da ka rubuta wani jami'i zai karanta shi da fassara marar daɗi. Wasu kan ce mu ma an kashe namu, wa ya tuna da su? Gaskiya ne, wanda ya san abin da ya faru a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014 ba sai an koya masa zafin bam ba. Amma gidan makoki ba a gasar wanda ya fi rashi. Idan abokin aiki ya tambaye ka, ka yi masa ta'aziyya kamar yadda za ka yi a gida, kuma ba sai ka nemi gafarar laifin da ba kai ka yi ba. Ka riƙe sunan Mohammad Salman Hamdani, matashi ɗan shekara 23 ɗan asalin Pakistan, ma'aikacin agajin gaggawa. Da ya ɓace a ranar, zarginsa aka fara yi, sai bayan watanni aka tabbatar gawarsa na cikin ɓaraguzan, wurin ceto ya tafi. Sunansa na kan tagullar nan. Ɗan jarida idan ya zo ƙofar masallaci, ka nuna masa liman ko wanda kwamiti ya wakilta. Wanda ya zage ka ko ya ja wa matarka hijabi, kada ka rama: ka rubuta lokaci da wuri, ka kira 911 idan akwai hatsari, in ba haka ba 311 ka nemi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin.

Al'ummarmu a Bronx ba baƙin ciyarwa ba ne, duk wanda ya yi azumi a masallatanmu ya ga tukwane. Inda muke faɗuwa shi ne shiri. Idan ƙungiyarku za ta yi nata taron a lambun gwamnati kuma kun haura mutum 20, sai da izinin hukumar lambuna, a nema aƙalla mako uku kafin ranar. Lasifika kuma izininta daban ne, a ofishin 'yan sandan unguwa. Mafi sauƙi ku haɗa kai da wurin rabon abinci da ke aiki tuntuni, ko da na coci ne, ku kai musu mutum goma da buhunan shinkafa, ku bar dafaffen abinci a gida tunda mafi yawansu ba sa karɓar girkin da ba a kicin mai lasisi aka yi ba. A 2026, cikar shekara 25, ranar Juma'a ce, sai a sa aikin da safe ko bayan an sauko.

Da magariba ku hau da yara wurin da sama ke buɗe ku duba kudu. Fitilu 88 ne ake haskawa su zama ginshiƙai biyu na haske har wayewar gari. Idan kuka ga sun mutu na kamar minti 20, ba lalacewa suka yi ba: tsuntsaye masu ƙaura ne suka taru a cikin hasken, ake kashewa su samu hanya.