Kurakuran da masu shan maganin hawan jini suke ta maimaitawa a kan maganar ƙiba

Wallahi abin nan ya ishe ni. Mutum za a ɗora shi a kan maganin hawan jini, wata biyu uku sai ka ji yana cewa wai ƙwayar nan ta sa shi teɓa don haka ya ajiye ta. Makon jiya ma ƙanwar maiɗakina ce ta zo min da wannan zancen. Shekarata tara ina shan magani, kuma kuskuren nan ni ma na yi shi, ya kusa kai ni lahira.

Atenolol aka fara ba ni. Gaskiya ne tana sa nauyi ya ɗan ƙaru, ita da 'yan uwanta irin su propranolol da metoprolol, saboda suna rage gudun bugun zuciya, jiki ya rage ƙona abinci, ga kasala, ɗan tattakin da ka saba sai ka ji ba ka iyawa. Amma yawanci kilo 1 zuwa 2 ne a watannin farko sai ya tsaya. Ni kuwa da na ga wando ya fara matse ni kawai na watsar da ita rana ɗaya, ban tambayi kowa ba. Kwana na uku ina zaune a shago zuciyata ta kama dukan uku-uku, gumi, kai kamar zai tsage, aka kwashe ni sai asibiti, aka auna jinina 190/115. Likitan faɗa ya yi min kamar ɗansa kuma ya yi daidai, ya ce irin wannan maganin ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa, in ba haka ba zuciya na iya bugawa. Haba jama'a, a kan kilo biyu za ka sayi shanyewar ɓarin jiki? Da na buɗe baki na ce masa nauyi na damuna ai canza min zai yi, kuma daga baya ya canza ɗin, ya mayar da ni kan lisinopril wadda ba ruwanta da ƙiba, sai dai wasu tana sa su busasshen tari.

Sannan ku daina kiran kumburi ƙiba. Amlodipine, wata ƙwayar hawan jinin, tana kumbura idon sawu musamman 10mg, ruwa ne ya taru. Danna wajen da yatsa, in ya lotsa ya daɗe bai taso ba to ba kitse ba ne, je ka nuna wa likita.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na masu shan maganin fitsari don su rame, irin su Lasix da Moduretic da ake saye a kemis ba takarda. Hajiya, ruwan jikinki kike zubarwa, tumbin yana nan daram, kina shan ruwa sikeli zai koma inda yake. Abin da za ki samu shi ne jiri da ɗaurewar jijiya da daddare, sinadaran jini su rikice, ƙoda ta wahala. Ko wanda likita ya rubuta wa hydrochlorothiazide, maganin fitsarin da ake bayarwa don hawan jini, ya sani tana iya ɗaga suga da kuma sinadarin da ke kawo ciwon gaɓɓai a babban yatsan ƙafa, shi ya sa ni lokacin da nake kanta duk wata shida sai na auna suga ko ba a ce in auna ba.

Masu shan sha-ka-fashe kuma suna kan maganin hawan jini, ku ji tsoron Allah, dexamethasone da ake cusawa ciki jini da suga duka take ɗagawa. Diclofenac da ibuprofen na kullum saboda ciwon gwiwa su ma suna riƙe ruwa a jiki su karya ƙarfin maganin.

Sai miya. Ana zargin ƙwaya alhali an zuba dunƙule biyar a tukunya ga gishiri ga kanwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Ni dai ɗabi'ata, sikeli sau ɗaya a mako, ranar Juma'a da safe kafin karin kumallo, in rubuta a ɗan littafi gefen awon jini, ranar ganin likita in tafi masa da shi.